Baba Sauko, Mai Koyar da Tuƙi a Cikin Ruwa

Kullum da safe, kafin ya taɓa makullin mota, sama Baba Sauko yake fara kallo. In ya ga hadari ya haɗo, sai fara'a ta cika masa fuska kamar an yi masa albishir. Sauran masu koyar da tuƙi rufe makaranta suke yi in ruwa ya tsuge. Shi kuwa a ranar yake kwasar ɗalibansa zuwa hanyar bayan gari, inda laka da santsi da gangara suka haɗu. Shekara talatin da huɗu yana haka, sai watan jiya ciwon gwiwa ya sa ya ajiye aiki.

Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba masa. Da an iso inda ruwa ya rufe hanya, sai ya ce, "Sauko." Ɗalibi ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi sanda, ya shiga ruwan yana tokarar ƙasa taki bayan taki. In sanda ba ta sami ƙasa ba, a juya. 'Yan gayu sun sha yin ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: "Ɗana, wando yana wankuwa."

Ni ban taɓa zama ɗalibinsa ba, amma ran matata ya taɓa rataya a kan koyarwarsa. Shekara huɗu da suka wuce naƙuda ta zo mata da gardama, ƙaramin asibitinmu ya tura mu babba. Da hantsi ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka iso wani kwalbati da ruwa ya shafe, direban motar asibitin ya tsaya, ya zaro sanda daga bayan kujera.

"Malam, mace tana mutuwa, kai kana wasa da sanda?" na ce masa.

"Yaya, ka ba ni minti biyu."

Na zage shi, na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ya shiga ruwan yana tokarar ƙasa. A taki na biyar sandar ta nutse har hannunsa. Ashe ruwa ya cinye rabin kwalbatin, daga sama kuwa ba ka ganin komai.

Ya juya, ya bi hanyar tudu mai nisa. A gangara bayan motar ya fara zamewa, ina ihun ya taka birki, shi kuwa ya sassauta totur, ya bi ta da sitiyari a hankali har ta miƙe. Kafin azahar na ji kukan 'yata.

Da na je ba direban haƙuri na tambaye shi wa ya koya masa. Ya yi dariya: "Wani tsoho ne da ya kayar da ni a gwaji sau biyu."

Baba, kai ne tsohon. Kai ne gwani mai hana gaggawa, wanda ya gwammace ɗalibi ya tafi da fushi da a kawo gawarsa. Na gode, na ƙara godiya. Ku kuma masu koyar da tuƙi, kada ku miƙa wa kowa takarda alhali titi mai laushi kaɗai ya sani.

Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, Baba. A gidana akwai yarinya mai surutu da ba ta taɓa ganinka ba, ranar Litinin za ta fara zuwa makaranta, kuma uwarta ce za ta raka ta.