Motar da Ta Kwashe 'Yan Gayyarmu

Wata ranar Laraba, a daminar shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, wata babbar mota mai bodin katako ta tsaya a bakin kasuwar Ruwan Godiya. Ina 'yar shekara tara, ɗauke da ƙwaryar fura zan kai gona. Wani mutum mai baƙin tabarau ya sauko yana cewa Funtuwa ta cika har tana tumbatsa, gini ko'ina, yana neman majiya ƙarfi masu kwaɓa siminti da ɗaukar bulo. Cikin samarin da suka kewaye shi na hango Yaya Sale, babban wana, wanda ya kamata a ce yana gona tun da safe. Ya ga na gan shi, ya ɗora yatsa a baki.

Baba bai yarda da mutumin ba ko kaɗan. Ya ce wanda ke gaida dattawa bai cire tabarau ba, akwai abin da yake ɓoyewa. A bakin rijiya mata na raɗa cewa ba Funtuwa ake kai samarin ba, kudu ake wucewa da su, kuma ba kowa ke dawowa ba. Tun daga ranar Baba ya sa wa Sale ido. In ya daɗe a masallaci sai an tambaye shi, in ya wanke riga ba Juma'a ba sai an tambaye shi. Ni kuwa na ga inda ya cusa takalmansa a rumbu, ƙarƙashin damman dawa, amma na yi shiru.

Ranar Asabar aka sa gayyar maimai, wato noma na biyu, a gonarmu. Inna ta tuƙa tuwo tukunya biyu, makaɗi ya zo da gangarsa, amma tsofaffi kawai suka hallara. Ashe motar ta tashi tun da sassafe da samarin garin, har da Sale. Baba ya daɗe yana duban geron da ciyawa ta fara ci, sannan ya juyo gare ni.

"Hadiza, kin san zai tafi?"

Na ce na sani. Bai doke ni ba. Ya miƙo mini ƙaramar fartanya, ya nuna mini kunyar gero guda. A daminar nan na koyi noma, tafukana suka yi kanta.

Sale ya dawo da Babbar Sallah, ya zama birkila mai gini, siminti ya tsattsage masa hannu. Ya kawo wa Baba yadi. Baba ya jujjuya yadin, ya tambayi Sale inda yake kwana da wanda yake ba shi abinci, sannan ya ajiye yadin a adaka, akwatin kayansa. Kwana uku Sale ya yi ya koma.

Yau 'ya'yana maza duk suna birni, ɗaya na gyaran waya, ɗaya na haya da babur, kuma babu mai tuna yadda ake kiran gayya. Baba ya ji tsoron a sace masa ɗa. Babu wanda ya sace Sale, birni ne kawai bai maido shi ba.