Gurbin Noeline a Sahun Baya

Clarrie Doolan, maƙwabcinmu na bayan shinge, ya yi shekara ashirin da ɗaya yana zuwa wurin rawar sahu, ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin zauren ba. Duk Talata da hantsi zai ɗauko matarsa Noeline a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya sauke ta a ƙofar zauren taron gari, ya zagaya baya ya tsaya ƙarƙashin bishiyar turare, ya buɗe jarida a shafin tseren dawaki. Kafin a gama kiɗa na biyu jaridar ta koma kan fuskarsa. In ka tambaye shi me ake yi a ciki, sai ya ce tsofaffi ne talatin suka jeru kamar tumakin da za a yi wa allura, kowa na neman inda ya yar da ƙafarsa.

Shi dai tumaki ya sani. Yana ɗan sha huɗu ya bar makaranta, kuma ba a ji malamin da ya yi kukan rabuwa da shi ba. Ya bi ayarin masu askin tumaki, rumfa zuwa rumfa, har iyakar Queensland. Shekara arba'in da biyar a sunkuye, bayansa ya lanƙwashe kamar mariƙin lema. A wata rumfar ya haɗu da Noeline tana dafa wa masu aski abinci. Ya ce naman ya yi tauri, ta ɗauke farantin daga gabansa ta ajiye wa kare. Wata takwas bayan nan aka ɗaura musu aure a coci. 'Ya'yansu biyu, duka suna Brisbane, waya ce ke kawo su.

Sau ɗaya tak ya taɓa leƙawa daga bakin ƙofa, ya hango ta a sahun baya, can kusurwar hagu. Shi ke nan ya samu abin yi har ƙarshen zamansu.

"Yau ma a baya aka bar ki, 'yar sahun baya? Ai ko jaki ne ya ci a ce an ƙara masa aji."

"Koma kan dawakanka, tsoho," in ji ta, tana cire takalman kaboyinta jajaye. "Su ma naka kullum a baya suke zuwa."

Ta rasu a watan Yuli, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, bayan jinyar kwana tara. Talatar da ta biyo bayan jana'iza, ƙarfe tara da rabi, sai ga Clarrie ya tada mota. Ya je ya tsaya ƙarƙashin bishiyar nan shi kaɗai, jarida a hannu, bai buɗe ba. Da aka tashi ya koma gida. Haka ya yi Talata biyar. A ta shida Glenys, mai koyar da mu rawar, ta fita ta ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Clarrie, ko ka shigo ko in kira 'yan sanda in ce wani tsoho na laɓe wa 'yan mata."

"'Yan matan da ƙaramarsu ta ba sittin baya?"

"Su fa. Sauko."

Ya shigo da takalman aikinsa, hula a hannu, ya yi abin da kowane sabon shiga ke yi: ya nufi sahun baya don ya ɓuya. Kusurwar hagu babu kowa, don tun rasuwar ba wadda ta iya tsayawa a wurin. Katakon daɓen wurin ma ya fi na ko'ina sheƙi saboda goga. Nan ya tsaya. Glenys ta dubi fuskarsa, ta bar shi a wurin. Ta kunna kiɗa, ta ƙirga, biyar, shida, bakwai, takwas.

Da farko abin ya zo masa da sauƙi, ga mutum talatin a gabansa, abin da suka yi shi yake kwaikwaya, ko da a makare. Amma ita wannan rawa juyawa take yi. Ka gama taku talatin da biyu ka juya ka fuskanci bangon gefe, ka sake talatin da biyu ka juya ga bangon baya. Juyi biyu, Clarrie ya tsinci kansa a gaba, babu kowa tsakaninsa da bango, zaure duka na bayansa. Ya ƙame kamar turke. Mu kuwa da idonmu ya saba da bin kusurwar nan, muka ƙame tare da shi. Dulcie, wadda ba ta ji sosai, ita ba ta tsaya ba, ta taka ta shige cikin mutum uku.

Lokacin shan shayi Glenys ta miƙa masa kofi da yankan kek.

"Wa ya gaya maka ana ɓuya a baya, bawan Allah? Sabon shiga tsakiya ake sa shi, duk inda aka juya akwai wanda zai bi. Gefe da baya na gwanaye ne."

Clarrie ya riƙe kofin bai kai baki ba. "To ita Noeline fa?"

"Ni na sa ta can da hannuna, tun shekararta ta biyu. In muka juya baya ni ba a ganina, ita ake bi. Ni kaina in na ɓata, ƙafarta nake kallo."

Ya daɗe yana duban kek ɗin. "Ba ta taɓa faɗa min ba."

"Ta ce in ta faɗa maka, da me za ka riƙa tsokanarta?"

Bai ci kek ɗin ba. Wannan kuwa a tarihin Clarrie babban al'amari ne.

Glenys ta ce gurbin ba zai zauna haka ba, ga sababbin shiga uku a tsakiya suna juyawa ba su da madubi. Ta yi niyyar sa Maureen, matar mai kantin magani. Clarrie ya ajiye kofin ya ce shi yake so. Dulcie ta tambaya me ya ce, aka maimaita mata da ƙarfi, ta yi dariya har ta ƙware. Glenys ba ta yi dariya ba. Ta ce rawa ɗaya, mai sauƙin, zuwa Talatar ƙarshe ta Oktoba. In ya kai mu bango huɗu ba tare da an yi karo ba, wurin nasa ne. In ba haka ba, Maureen.

Daga ranar unguwarmu ba ta sake samun lafiya ba. Ya fitar da injin yankan ciyawa daga rumfar bayan gida, ya share siminti, ya nemo takardun takun rawa da Noeline ta tara a gwangwanin biskit. Safe da yamma kiɗa ɗaya, ƙirga ɗaya. Kajina sun rage ƙwai. Karensa yakan kwanta a bakin ƙofa yana kallonsa da tausayi.

"Clarrie," na ce masa ta kan shinge, "rawa kake yi ko kyankyaso kake kashewa?"

"Ki ji da shanyarki, maƙwabciya."

"Hagu fa ita ce wadda ke ɗaya gefen."

Ranar Talata kuma yana tsakiya, tsakanin sababbin shiga, kai a ƙasa yana gadin takalmansa. Glenys ta ce "Ɗago kai, Clarrie" har muryarta ta dushe. Mutumin da ya shekara arba'in da biyar yana kallon cikin tunkiya ba a ɗago shi a wata biyu. Wani lokacin in kiɗan ya mutu ba ya fitowa daga rumfar da wuri. Ka hango shi zaune kan bokiti, takardun a gwiwarsa, yana bin rubutun hannunta da yatsa, inda ta gyara ƙirga da jan biro. Irin wannan ranar ba na tsokanarsa. Nakan bari sai gobe.

Talatar ƙarshe ta Oktoba ya zo da riga a goge, ya tsaya a kusurwar hagu. Maureen ta ce masa in ya faɗi ya faɗi gefe, kada ya ɓata mata katako. Bango na ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce, leɓɓansa na motsi da ƙirga. Muka juya baya, ya zama shi ne a gaba, kuma babu wata ƙafa da zai kalla. Sai ya ɗago kai.

A bangon nan akwai wata 'yar taga, daidai kusurwar hagu, daidai tsayin ido. Ranar farko bai lura da ita ba, takalmansa yake kallo. Ta cikinta ga bishiyar turare, ga a-kori-kurarsa, ga kujerar direba fili ƙarara, jarida a naɗe a gaban gilashi. Ba kowa a ciki.

Ƙafarsa ta yi jinkirin rabin taku. Duk mun gani, har Glenys. Sannan ta sauka inda ya kamata, ya kai mu ƙarshen talatin da biyu, ya juya da mu.

Da aka kashe kiɗa bai zo wurin shayi ba, yana tsaye a tagar. Na kai masa kofinsa.

"Ashe ana ganin motar daga nan," ya ce.

"Har da bakinka a buɗe in jaridar ta zame."

"Tana dubawa?"

"Duk juyi. In ka yi barci takan ce mana, ga mai gadina can yana aiki."

Ya gyaɗa kai, ya shanye shayin a tsaye.

Glenys ta ce ba ta ga rabin takun ba, Maureen ta ce ita dama gwiwarta ba ta son kusurwa. Yanzu wurin na Clarrie ne, a rawa ɗaya tak, sauran yana komawa tsakiya ya ci gaba da kashe kyankyaso. An zuba kwalta a gaban zauren, ga wurin ajiye mota dab da ƙofa, amma har yau baya yake zagayawa ya tsaya ƙarƙashin bishiyar. Kuma yakan riga kowa zuwa da minti goma, da tsumma a aljihu, ya goge tagar ciki da waje.