Ba Na Soyayya Ba, Ba Na Aljanu Ba

Shi ya tashi ya ba ni kujerarsa a shagon littattafai, da ya ga ina dafa gwiwa. Littafin addu'o'i mai manyan baƙaƙe na zo nema.

Yanzu ga shi tsaye gaban mai shago, rungume da kwalin littafin da ya rubuta. Siriri ne, sa'an ɗana na fari. Biro ya zubar masa da tawada a aljihu, bai ma sani ba.

"Malam, na soyayya ne ko na aljanu?" in ji mai shago. "Kowace kanta da irin nata. In ba ka faɗa ba, ka koma da kayanka."

"Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu, amma kullum da yamma sai ta share wurin zamansa, ta ba shi labarin gida."

"Yana amsawa?"

"Wani lokaci."

"To ai na aljanu ne!"

"Wallahi ba haka ba ne."

Na damƙe carbina. Ni ma kujerar marigayi maigidana tana nan inda ya bar ta. Ina zaton ba ƙirƙiro matar nan marubucin ya yi ba. Wataƙila mahaifiyarsa ce, shi ya sa yake tsoron a ajiye ta cikin aljanu.

Mai shago ya duba agogo. Sai marubucin ya juyo gare ni.

"Inna, don Allah ki taimake ni. Da ke ce kika shigo nemansa, wace kanta za ki nufa?"