Kano Ta Yi Kusa

Mu shida ne a tsakar gida ranar. Akwai ni. Akwai ƙanin marigayi maigidana, wanda yara ke kira Baffa, ya daɗe yana aiki a ofishin hakimi a nan Karaye, kuma duk maganar da ta yi nauyi a gidan nan shi ake kira ya zauna. Akwai autata da ke aure a Daura, Daurarmu ta nan kusa. Akwai babban ɗan yayana, manomi, ya zo daga Zoza a kan babur da buhun gyaɗa ɗaure a baya. Sai ɗana na fari da matarsa, waɗanda suka iso daga Abuja bayan azahar, an riga an yi sadakar bakwai ɗin yayana a Zoza an watse, na dawo gida.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso muka tarar: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta roƙonsa komai, in tana da magana sai ta bi ta bakin wani. Ina yaye shi yayana ya zo ya ɗora shi a keke ya tafi da shi Zoza. Can ya yi wayo. Matar yaya ce ta wanke masa tabarmar fitsari, gyaɗar yaya ce ta kai shi makaranta tun daga Rogo har inda ya tsaya. Ni ɗan Zoza nake ce masa, kowa kuma ya san wanda nake nufi.

Maganar katin ta fara ne wata sallah da ya zo. Ina tankaɗe, ya zauna nesa kaɗan yana nuna wa ƙanwarsa, da murya daidai yadda zan ji. Kati ne na banki, baƙi mai ratsin ruwan zinare. In ya yi sayayya da shi, ko ya hau jirgi, sai a rubuta masa wani abu wai shi maki. Makin nan ba a ganinsa, ba a riƙe shi a hannu, amma in ya taru sai ya zama kujerar jirgi. Ya ce yana tarawa ne don Inna ta je umara.

Ban ɗaga kai ba, amma rariyar ta tsaya a hannuna. Ba zan ɓoye ba, ina so. Sa'o'ina duk sun je sun dawo da haƙorin Makka, ni ko Kano sai in asibiti ya kai ni. Akwai wani farin mayafi da na daɗe da saye na sa a ƙasan akwati, ban taɓa gaya wa kowa don me ba. Da aka zo aka kai ni birni aka ɗauki hotona da zanen yatsuna saboda fasfo, na dawo na buɗe akwatin na duba ko asu ya taɓa shi.

Ina lura da shi tun daga lokacin. Ya daina sayen nama wajen mahaucin da ubansa ya saba da shi. Ya daina tsayawa kasuwar Karaye. Shinkafa, mai, har sabulu, daga manyan kantunan Abuja yake lodo su, wai can ne ake rubuta maki. Mahaucin ya tambaye ni ko wani laifi ya yi. Na ce babu. Na yi shiru a kan duk wannan, don na san inda makin zai kai ni. Wannan shirun nawa ne.

Bayan an gama cirar gyaɗa yaya ya kwanta. Na tattara na koma Zoza jinya. Mutum ne da ba ya ƙorafi, sai dai ya sa aka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Duk motar da ta yi ƙara a waje sai ya ɗaga gira. Wata rana ya ce da ni, “Yaron nan fa?”

Na sa auta ta buga masa waya. Ta dawo ta ce yana kan tafiya, zai zo da zarar sabuwar shekara ta kama. Ni da na ji tafiya sai na ɗauka aiki ne, don ban san wata tafiyar da za ta riƙe mutum ba in ba ta dole ba. Haka na gaya wa yaya. Ya ce, “Aikin mutane ba wasa ba ne, a ƙyale shi.” Bai sa an juya shimfiɗar ba. Bai ga sabuwar shekarar ba.

A zaman makoki kowa sai ya tambaya, ina ɗan gidan? Na yi ta cewa aiki ne ya tura shi nesa. Matar yaya ita ba ta tambaya ba ko sau ɗaya, kuma nata shirun ya fi duk tambayoyin ci mini rai.

To, ga ɗan Zoza ya zo. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, na san bambanci. Baffa ya yi addu'a muka shafa. Aka kawo ruwa. Can sai ɗan Zoza ya gyara zama ya ce, “Baffa, a gaya wa Inna makin ya cika. An yanka mata tikiti. Watan gobe in Allah ya yarda za ta tafi umara.”

Baffa ya yi hamdala. Auta ta kai hannu hanci za ta yi guɗa, ta tuna makoki muke, ta sauke. Ni kuwa murna ta kama ni kamar yarinya, na ji kunyar kaina.

Ɗan yaya ya shanye ruwansa. Shi da ɗan Zoza taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, akwai wasa tsakaninsu, kuma ɗaki ɗaya suka tashi. Ya goge baki ya ce, “Mutumin sama, an sauko ke nan. Wace ƙasa suka tura ka da ba ta da hanyar dawowa?”

“Legas ce kawai, sai Fatakwal.”

“Legas. Ni na ɗauka bangon duniya ka taɓo. Me ka kai musu, ko sun ji labarin kyanka ne suka ce a kawo su gani?”

Matarsa ce ta amsa. Yarinyar ba ta da mugunta, kare mijinta ta zo yi. Ta juyo wajena ta ce, “Hajiya, wallahi ba yawo ya je ba. Ofis ma sun tafi hutu. Saboda ke ya yi, don kada makin ya ƙone.”

Hajiya take ce mini tun da aka kawo ta, ban taɓa gyara mata ba. Ranar ce kalmar ta fara yi mini ɗaci.

Baffa ya ce a yi masa bayani yadda zai fahimta. Ɗan Zoza ya ciro waya yana shafawa, ya ce masu katin ne suka canza doka. Da, maki yana zaune yana jiran mai shi. Yanzu sun aiko cewa duk wanda bai cika wani adadi na tafiya ba kafin shekara ta ƙare, za a sauke shi daga matakin da yake, abin da ya tara kuma ya zube. Da, yawan hawa ake dubawa, yanzu nisa. Shi kuma saura kaɗan ya cika.

Baffa ya ce, “Wa ka je gani a Legas?”

“Ba kowa, Baffa.”

“A ina ka sauka?”

“Ban fita daga filin jirgin ba. Na sauka, na sha shayi, na hau wani.”

Ɗan yaya ya daina murmushi. Ya ce, “Kano ba a zuwanta a jirgi ne?”

Ɗan Zoza ya ce, “Kano ta yi kusa. Da ba zai cika ba.”

Ni dai ina kallon ƙafafuna. Ƙafafun nan sun je Rogo Ruma barka da goyo a baya, sun ratsa rafi da damina zuwa gaisuwar mutuwa, sun bi motar kasuwa zuwa dubiya. Duk tafiyar da na taɓa yi, akwai wani zaune a ƙarshenta. Ban taɓa jin mutum ya yi tafiya babu kowa a gabansa ba, sai a bakin ɗan da na haifa, a makon da mutumin da ya raine shi ke kwance yana kallon ƙofa.

Ɗan Zoza ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ban san jikin ya yi tsanani ba. Na tambaya aka ce da sauƙi.”

Auta ta ce, “Yaya, da sauƙi ake cewa ko mutum yana gargara. Yaushe ka manta? Da ka ji Inna ta kwana uku a Zoza ba ta dawo ba, ai ka ji komai.”

Dokar masu kati ya karance ta har ƙasa bai tsallake layi ba. Maganar gidansu ce ya kasa ji.

Ɗan yaya ya tashi ya kwance buhun daga babur, ya jawo shi ya ajiye a gaban ɗan Zoza. Ya ce, “Baba ya ware maka wannan tun kafin ya kwanta. Jar gyaɗa ce, wadda kake so. Ba a rubuta maki a kanta, sai ka yi haƙuri.”

Na ce da Baffa, “A tambaye shi, kujerar nan za a iya ajiye wa matar yaya har ta fita takaba?”

Ɗan Zoza ya girgiza kai. Ya ce an riga an sa sunana da rana, ba a canzawa, in an fasa kuma makin ba ya dawowa. Ko da ma ba a yanka ba, dokarsu mata da 'ya'ya da iyaye kaɗai ta sani. Matar kawu ba ta cikin iyali.

Matar da ta goya shi yana zazzaɓi har asibitin Rogo, ba ta cikin iyali. Shi ya faɗa da bakinsa, yana karantawa daga waya.

Sai na kira sunansa. Sunan yanka, gaba ɗaya, yadda ake kiran ɗan maƙwabta in za a aike shi. Auta ta dafe ƙirji. Baffa ya sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗago ya dube ni kamar an mare shi, don ya san abin da ya faɗi a tsakaninmu. Kunyar da na yi masa tun yana cikin zani ba ƙi ba ce, girma ne, kuma ranar na ajiye shi.

Na ce, “Ka gode musu. Ka ce tsohuwar ba za ta hau ba.”

“Inna, makin zai ƙone. Na daɗe ina tarawa.”

“Ya ƙone.”

Baffa ya juyo gare ni ya ce, “Haba Yaya, ɗakin Allah ne fa. Yaro ya yi kuskure, amma niyyarsa mai kyau ce. Ba a mayar da irin wannan.”

Na ce, “Ban ƙi ɗakin Allah ba, kujerar na ƙi. In na zauna a kanta, idon yayana zan riƙa gani yana kallon ƙofa har mu sauka. Da wane baki zan yi masa addu'a a can, ina tafe a kan abin da ya hana shi ganin ɗansa?”

Aka yi ta ba ni baki har la'asar ta yi sanyi. Matarsa ta yi kuka ta ce ita ta jawo. Na ce ita gaskiya ta faɗa, ta tashi ta duba tukunya. Ba wai raina ya yi fari ba ne da na ƙi. Har yau ban je ba, ƙafa kuma sai ƙara nauyi take, in na ji masu tafiya suna sallama sai in shige ɗaki. Masu katin ba su san da ni ba, ba su san da yaya ba. Sun canza layi ɗaya a takardarsu, kujerarsu kuma ban sani ba ko wani ya hau ko haka ta tafi.

Washegari ina idar da sallar asuba na buɗe akwati na ciro farin mayafin na ƙulle a ɗankwali. Ɗan yaya a zaure ya kwana, na tashe shi ya tayar da babur. Muna fitowa na tarar da ɗan Zoza tsaye jikin motarsa da makulli a hannu, ya ce in bari ya kai ni. Na ce ya san hanyar Zoza, a can ya koyi tafiya. Na hau bayan babur.

Na sami matar yaya a ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta mayafin na ce ta riƙa salla da shi. Ta juya shi ta duba, ba ta tambaye ni komai ba, ta turo mini ƙwarya. Na jawo tabarma na zauna inda ba na ganin ƙofa.