Sanyin da Ya Kusa Cinye Garin Abokina

Shekarun baya kaɗan, lokacin shagon ɗinkina yana kusa da inda manyan motoci ke jiran duwan, wato kwastan, a nan bakin iyaka a Gaya, wani abokina ya bar mini amanar gari. Gari sukutum, da mutanensa da awakinsa da rumbunansa. Sai dai garin a cikin telefon yake.

Abokin nawa direban kamiyo ne, irin manyan motocin nan, kuma duk wanda ya san wannan aiki ya san rabinsa jira ne. A cikin jiran nan ya koyi wani wasa. Ana ba ka ƴan mutane a tsakiyar daji, kai za ka ce wannan ya sari itace, wancan ya yi noma, a gina ɗakuna, har wurin ya zama gari. Wasan ba ya jiran kowa. Ko ka kashe telefon lokaci yana tafiya a ciki, mutanen suna ci suna sha, in ka yi sakaci su mutu.

Ya daɗe yana wahala da garin nan, ya kuwa yi kyau. Abin alfaharinsa wani dogon bene ne na katako da ya kafa a tsakiyar gari. Ba a kwana a cikinsa, ba a ajiya, kyau kawai. Duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya nuna masa shi, ko da kuwa mutum ya zo karɓar wando ne yana sauri.

Da kaka ta yi, mahaifinsa ya kira shi girbin gero a wani ƙauye can bayan Yelu, inda babu rezo sam, telefon ba ya kamawa. Sai ya sa mini wasan a telefon ɗina.

"Mutumina, ba wani aiki ba ne," in ji shi. "Ka riƙa leƙa su safe da yamma. Kada dai su mutu."

Na ce, "To in suka mutu a hannuna fa?"

Ya ce, "A hannunka? Duk Gaya babu wanda ya kai ka tsoro, shi ya sa na zaɓe ka."

Gaskiya ya faɗa. Ni mutum ne mai kulle shago, in yi nisa, in dawo in ja kwaɗo in ji. Ɗan ƙyallen da ya rage daga yadin mutum, wanda ko aljihu ba zai yi ba, sai na ɗaure masa shi a leda.

Lekol ɗina bai wuce firamare ba, amma ɗan faransancin da na tsinta ya isa in gane saƙon da wasan ya fito da shi bayan tafiyarsa: lokacin sanyi ya kusa. Wallahi murna na yi. Mu a nan sanyi lokacin albarka ne. Lokacin ne ake garka a bakin kogi, albasa ta yi, salati da tumatir su cika kasuwa, mutum ya yi barci ba gumi. Abin da muke tsoro zafi ne da ambaliya. Sai na ce wa masu saran itace su ajiye gatura, na kwashe su duka na kai bakin kogin garin, muka buɗe garka babba. Sannan na dubi ɗakunan da abokina ya gina, tagogi ƴan mitsi-mitsi kamar akurkin kaji, tausayi ya kama ni. Na ce bayan sanyi ai bazara ce, waɗannan bayin Allah dahuwa za su yi. Na ɗebi itacen da ke cikin ma'ajiya na kakkafa musu rumfuna, kowane gida da tasa, iska na shiga ta ko'ina. Har ina ayyana yadda zai gode mini.

Wata safiya na buɗe telefon na ga garin ya yi fari fat. Na goge gilashin da bakin rigata, ina zaton ƙura ce. Ashe dusar ƙanƙara ce. Garkar ta mutu tun ba ta yi ganye ba. Kogin kuwa ya tsaya cak, ya daskare, masunta na tsaye a kansa da ƙafafunsu. Tun da nake ban taɓa kawo wa raina cewa kogi na iya tsayawa ba. Ni ƙanƙara a wurina abin da ake saye ne a leda da azumi.

A kan kowane mutum wata ƴar alama shuɗiya ta fito, suna tafiya kamar masu masassara. Abinci akwai a rumbu, itace ne babu. Na tura masu sara daji, tafiyar da a da suke yi kamar ƙiftawar ido ta zama ta yini, suka dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu kuma suka kwanta ciwo. Na rushe rumfunana na ƙona. Ba su daɗe ba suka ƙare.

Ranar na ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Mahaifiyata, da muke gida ɗaya, ta ga an dawo da kwanon tuwona yadda aka kai shi, sai ta tare ni a zaure.

"Kai ɗan nan, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Tukuna."

Na nuna mata. Ta matsar da telefon nesa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Waɗannan ƴan abubuwan masu kai da komo su ne mutanen?"

"Su ne."

"Suna salla?"

"Ban taɓa gani ba, Inna."

"To ko ba sa yi, ba a barin mutum cikin sanyi. Me ya sa kowane ɗaki da wutarsa? Mu a garinmu Tanda, in ɗari ya tsananta, ɗaki ɗaya ake taruwa, murhu ɗaya, har da ƴan awaki."

Na gwada, wasan ya yarda. Na tattara su duka a babban ɗakin taro na garin, na kashe sauran wutar. Alamun suka ɗan ragu. Amma murhu ɗayan ma yana son abin ci, kuma duk garin babu sauran katako sai a wuri guda. Inna ta ɗora yatsa a kan benen.

"Wannan zungureren fa, uban me yake yi?"

"Inna, wannan shi ne ransa. Amana ce."

"To zauna ka yi ta gadin katako."

Na kira abokina har telefon ya yi zafi, ba ya shiga. Na tambayi direbobi ko akwai mai zuwa wajen Yelu, babu. Zuciyata ta rabu biyu. In na fasa, na taɓa abin da ba a ce in taɓa ba. In na bari, su mutu. Bayan la'asar na jira mutane suka watse, na durƙusa gaban limamin unguwarmu.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Mutum ne aka bar wa amanar gari, sanyi na neman kashe mutanen."

Ya gyara zama da sauri. "Subhanallahi! Wane gari? An sanar da hukuma?"

Na miƙa masa telefon, kaina a ƙasa. Ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa. Sai ya fashe da dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Amma Allah ya saka masa, bai kore ni ba. Ya bari na yi bayani tun daga farko.

Ya ce, "Da zai tafi, me ya ce ka tsare masa? Benen ko mutanen?"

"Cewa ya yi kada su mutu."

"To me ya kawo ka wurina? Ai mai kaya ya riga ya ba ka fatawa."

"Amma Malam, in ya zamana a ransa benen ya fi so, bakinsa ne kawai bai faɗa ba?"

"Kai tela, Allah bai ɗora maka sanin cikin mutane ba. Je ka fasa. In ya yi faɗa ka turo mini shi."

A ƙofar masallacin na yi bisimilla na danna. Benen ya zube, mutanen suka yi ta jidar katako zuwa ɗakin taro, wuta ta tashi. A hankali alamun shuɗin nan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ban san na yi kabbara da ƙarfi ba sai da ladan ya leƙo.

Daga ranar garin ya zama na jama'a. Inna ba ta amsa gaisuwata da safe sai ta ce, "Yaya mutanenka suka kwana?" Direbobin da ke zama a bencina suka yi ta gardama kan ko itacen zai kai. Har haihuwa aka yi a cikin ɗakin nan, tsakanin awaki, wani ya ce lalle a yi suna, ya sayo mana goro. Da kyar da jiɓin goshi muka kai ranar da ƙasa ta fara kore, kogi ya motsa.

Abokina ya dawo ya yi baƙi wuluk saboda rana, ya biyo ta gida da damin gero na Inna. Na riga na tsara jawabin ban haƙuri, amma da ya karɓi telefon duk jawabin ya gudu daga kaina.

"Ina benena?"

"Mun ƙona shi."

Ya yi ta jan garin da yatsa, sama da ƙasa, sai ya tsaya a wurin da ake nuna yawan mutane.

"Tsaya tukuna. Ba wanda ya mutu?"

"Ko akuya."

Sai ya zauna daɓas a kan tabarma yana dariya. "Mutumina, ni duk sanyi kusan rabinsu ke tafiya! Baƙi su zo su maye gurbi. Na zaci haka wasan yake!"

Na ce, "Wato rama na yi a banza?"

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ashe kai ne azzalumin sarkin. Kawo geron, Allah ya shirye ka."

Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai a kan keken ɗinki. Abin da na gane shi ne, tsoro ma ɗan gari ne, abin da ya saba gani kaɗai yake gudu. Duk zullumina na tara shi a kan zafi, sanyi ya shigo ta bayan gida. Yanzu kafin in yi wa baƙo shawara, nakan fara tambayarsa yadda ƙasarsu take.

Shi kuwa abokina halina ya shafe shi. In sanyi ya doso a cikin wasan, sai ka ji ya kira ni daga hanyar Paraku, murya a sama, yana tambaya ko itacen da ya tara ya isa. Ni kuma ko ban gani ba amsata ɗaya ce: bai isa ba, ƙara.