Raƙumin da Ƙanena Ya Hana a Yanka

Shekara bakwai ƙanena ya yi yana karatu a Agadas, ni kuwa ina nome masa gona har bayana ya lanƙwashe kamar lauje. Da ya komo ƙauyenmu na wajen Mai Yara, mun sa ran ganin littattafan da jaki uku ba za su iya ɗauka ba. Gafaka ɗaya ya zo da ita, ga rawani har hanci irin na Abzinawa. Ko fura zai sha, ta ƙarƙashin amawali yake tura ludayi.

Mai gari ya so ba shi limanci, amma mutane suka fara ƙus-ƙus. Kullum yana bakin rijiya yana hira da masu raƙuma da harshensu. Ni kaina na taɓa laɓewa bayan wata ƙaya ina saurare, cinnaku suka cinye rabin ƙafata, ban tsinci ko kalma ɗaya ba.

Ana haka sai wani raƙumi ya shiga gonar mai gari, ya ci gero ya bar kara. Aka kama shi, aka wasa wuƙa. Ƙanena ya duba tambarin da ke wuyansa ya ce kada a yanka, na wani babban Ba'abzine ne, in aka yanka gari zai sha wuta.

Mai gari ya ce, "Malam, a wane littafi ka karanta wannan?"

"Ranka ya daɗe, a zauren malaminmu ni ke rubuta wa ayari wasiƙa. Na san tambarin kowa."

Na ce, "Ko dai sun san naka."

"Yaya, har da kai?"

"Da ni aka fara."

Mai gari ya ba shi kwana uku. In mai raƙumi bai zo ba, a yanka dabba, shi kuma ya bi abokansa arewa. Ƙanena ya aika wa mai raƙumin da wasiƙa, yana ba raƙumin ruwa da harawa. Damuwa ta hana ni ci, ban wuce akushi biyu a zama ɗaya.

Rana ta uku da la'asar mutumin ya iso da jama'arsa. Ƙanena ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su nono, suka daɗe suna gaisuwa kafin a ambaci raƙumi. Daga baya suka sauke wa mai gari gishirin Bilma, suka ja dabbarsu.

Limanci dai wani aka ba. Ƙanena ya zauna a ƙofar mai gari, shi ke magana da baƙi. Na tambaye shi abin da ya faɗa wa masu raƙumin ran nan har suke kallona suna dariya. Ya ce fiƙihu ne.