Jigar Inna a Cikin Waya

Ni ba mai yawo ba ce. Duk unguwarmu a Tahoua an san ni, in kana nemana ka taho gindin murhu ko bakin zaure, can za ka iske ni da surutuna. Ƙannena har tsiya suke mini, wai ko gobara ta tashi sai na tsaya na gama tuƙa tuwo. To amma akwai ranar da na bar gidan, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Innarmu, uwar da ta haife ni, ƴar wani ƙauye ce gaba da Affala. Bayan garinsu akwai wani kwazazzabo mai zurfi, duwatsu jajaye hagu da dama, ƙasansa rairayi, ruwa ba ya bi sai da damina. A ciki jiga take fitowa, iccen nan da ake zage ganyensa a dafa a yi kwaɗo. Matan garin kowace zuriya da nata icce, ba a rubuce ba, ba a yi shinge ba, amma ba wadda za ta taɓa na wata. Namu yana jikin wani dutse mai tsagewa. Nan kakata ta haifi Inna, ta je zagar ganye naƙuda ta kama ta, kuma nan anka binne cibiyarta.

Daga baya wani furoje, wato shirin raya daji, ya zo ya kewaye wurin da waya, anka ce ya zama gandun daji. Ba sara, ba kiwo, ba zagar ganye. Baƙi su zo da manyan motoci su ɗauki hoton duwatsu su tahi.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Inna a ɗakina, abinci ya ƙi shiga. Fura ma sai ta kurɓa ta kau da kai. Rannan ta ce mini, "Ɗiyata, kwaɗon jigarmu nike so." Ƙanena ya ce wannan mai sauƙi ne, ya hau babur ya sayo a kasuwa. Na dafa, na kwaɗa, na kai mata. Ta sa a baki, ta juya shi, ta tofar a hannu.

"Wagga jigar akuya ce," in ji ta. "Ku kai ma mai ita."

Ƙanena ya ce tsufa ne, ganye ai ganye ne. Ni kuwa na dubi Inna. Na ga yadda wuyanta ya rame, na san in ba ta ci ba haka za ta yi ta tsotsewa muna kallo. Da safe na ɗauki ƙwarya na ɗaura gyale na nufi tasha. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana salati, "Yau wa ya mutu, kin fito?"

Motar kasuwa ta sauke ni a ƙauyen su Inna, wani mai amalanken jaki ya ƙarasa da ni bakin wayar. Akwai ƙofar ƙarfe da rumfa, da wani mai gadi cikin kaki. Daga jin Hausarsa mutumin kudu ne, kuma yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gaishe ni, ya dubi ƙwaryar.

"Inna, kallo kika zo?"

"Kallon mi? Dutsi? Ganye na zo zaga."

Ya ce an hana. Shiga a yi kallo an yarda, amma ko tsinke ba a fita da shi. Na ce to buɗe, in shiga in yi kallon. Ya san abin da nake nufi, ni ma na san ya sani. Ya buɗe.

Ban ƙara saukar kwarin nan ba tun ina budurwa. Gwiwoyina sunka yi ta ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ciki shiru, sai kukan kurciya da zafin da duwatsu ke hurowa. Gaskiya itatuwan sun yi kyau, sun cika, wannan ba zan hana musu ba. Na gane namu tun daga nesa. Na yi bisimilla na zage shi yadda anka koya mana, da tafin hannu daga gindin reshe zuwa baki, ba a karya reshe, ba a taɓa toho. Da ƙwarya ta cika na aza a kai. Raina ya ce mini in juye a gyale in ƙulle a ƙugu, wa zai laluba tsohuwa? Na ce a'a. Ɓarawo ke ɓoyo.

Da na iso ƙofa mai gadin ya miƙe. "Haba Inna, so kike a kore ni daga aiki?"

"Ba ni son a kore ka, ɗana. Amma uwata na kwance ba ta cin komi, kuma cibiyarta na ƙarƙashin iccen da na zago. Wayarku ta iske ta nan." Na sauke ƙwaryar na miƙa masa. "In amshewa za ka yi, amshi. Sai dai ka biyo ni Tahoua ka gaya mata da bakinka, don ni ba ni iyawa."

Bai karɓa ba. Sai ya juya mini baya yana duban sama. Ya ce, "Ni tsuntsaye nake ƙirgawa, ban ga kowa ba."

Nan ne raina ya ɓaci. Na san alheri yake nufi, amma ban so shi haka ba. Na ce, "Juyo ka dube ni. Ba sata na yi ba da za ka rufe mini ido. In manyanka sun tambaya, ka ce wata mata ta zo ta ɗebi na uwarta, da rana tsaka, ta ƙofa ta fita."

Ya juyo. Har ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin wadda aka yi wa sutura tana faɗa ba. Shi da kansa ya taya ni aza ƙwaryar, ya ce in gaida mai jiki.

Na iso gida bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Na tafasa ganyen na zubar da ruwan ɗacin, na sake, na matse, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tonka mai yaji da albasa. Inna ta shinshina kwanon tun kafin ta sa hannu. Ta kai loma, ta daɗe tana taunawa da dasashi, ta ƙara wata.

"Kin cika gishiri," ta ce. "Kullum hannunki nauyi gare shi."

Sai ta jawo kwanon gabanta, ta ce ƙanena ya kau da idonsa, ba da shi anka dafa ba.